Fari, Ja da Baƙi: Jagorar Sanin Siffofin Fosfaras da Yadda Ake Aiki da Su

Duk wanda ya ƙyasta ashana yau ya taɓa fosfaras da hannunsa. Abin nan mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa, da ke gefen kwalin, jan fosfaras ne aka cuɗa da garin gilashi da gam. Yaro zai yini yana wasa da kwalin ba abin da zai same shi. Amma akwai farin fosfaras, wanda idan aka tsamo shi daga ruwa aka ajiye a kan tebur cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi zai kama da wuta shi kaɗai, kuma nauyin ƙwayar shinkafa uku ko huɗu daga cikinsa ya isa ya kashe babban mutum idan ya haɗiye.

Su biyun sinadari ɗaya ne. Alamarsa P, lambarsa 15 a jadawalin sinadarai, nauyin atam ɗinsa kusan 31, yana ƙarƙashin naitirojin a rukuni na 15. Abin da ya raba su shi ne yadda atam-atam ɗin suka riƙe juna, kuma wannan ne ake nufi da siffofin sinadari, kamar yadda kabon yake zuwa a matsayin daimon ko kuma baƙin abin da ke cikin fensir. Wanda ya gane tsarin riƙon zai iya faɗin yadda za a ajiye kowanne da abin da zai yi a cikin iska ba tare da ya haddace komai ba.

Tun kafin a yi nisa: farin fosfaras daban, farar wuta daban. Farar wuta ita ce salfa, rawayan dutsen nan da ake samu a wurin 'yan koli, alamarta S, lambarta 16. Ɗalibai da yawa suna haɗa su saboda kamancin suna.

A fara da gina tsarin da hannu

A samo yumɓu ko laka a mulmula ƙwallaye huɗu daidai wa daida, da tsinken sakace guda shida. A jera ƙwallaye uku a ƙasa kamar duwatsun murhu, a haɗa su da tsinke uku. A ɗora na huɗun a sama inda tukunya take zama, a sauko da tsinke daga gare shi zuwa kowane ɗaya na ƙasa. Wannan ƙaramar dala mai fuska huɗu ita ce P4, tubalin farin fosfaras. Kowane atam yana riƙe da sauran ukun.

Yanzu a auna kusurwar da ke tsakanin tsinke biyu da suka haɗu a ƙwallo ɗaya. Digiri 60 ce. Fosfaras ya fi sakewa idan kusurwar ta kai kusan digiri 100, kamar yadda take a yawancin haɗe-haɗensa. Ke nan a cikin P4 an matse shi, kamar bakan da aka ja ba a saki ba. Ɗan zafi kaɗan da iskar oksijin sun isa su ɓalle riƙon, shi ya sa yake saurin kamawa. Sannan kowace dala zaman kanta take yi, riƙon da ke tsakaninta da maƙwabciyarta ba shi da ƙarfi. Daga nan taushinsa ya fito, da saurin narkewarsa, da tururin da yake fitarwa ko a cikin ɗaki, da yadda yake narkewa cikin mai da kitse ya ratsa jiki.

A gina irin dalar guda uku ko huɗu. A cire tsinke ɗaya daga kowacce, a yi amfani da shi a ɗaure ta da ta kusa, har su zama sarƙa. An samu jan fosfaras. Matsin ya ragu, kuma babu wata dala da za ta iya tashi ita kaɗai ta zama tururi. Idan aka ci gaba aka shimfiɗa atam ɗin suka zama faranti masu tudu da kwari irin na kwanon rufi, ɗaya a kan ɗaya, an samu baƙin fosfaras, wanda ya fi duka natsuwa.

Yadda ake gane kowanne

Farin yana kama da kyandir ko kakin zuma, wuƙa tana yanka shi. Sabo fari ne fat, amma da haske ya taɓa shi sai fatarsa ta fara rikiɗa zuwa ja, ya koma rawaya, shi ya sa wasu littattafai suke kiransa rawayan fosfaras. Abu ɗaya ne. Yana narkewa a digiri 44 na Salshiyos, yana tafasa a 280, nauyinsa giram 1.82 a kowane santimita kubik, don haka nutsewa yake yi a ruwa. Ba ya narkewa cikin ruwa, amma yana narkewa sosai cikin wani ruwan sinadari mai suna kabon daisalfaid. Warinsa irin na tafarnuwa ne. A cikin duhu yana fitar da wani haske kore-kore, wanda ke fitowa daga haɗuwar tururinsa da oksijin a hankali. Wannan hasken ne ya ruɗi Hennig Brand a birnin Hambug na Jamus a 1669, lokacin da ya ƙone fitsari mai yawa yana neman hanyar yin zinariya, sai ya samu abu mai haske a duhu. Sunan fosfaras daga Girkanci yake, ma'anarsa mai ɗauke da haske.

Jan gari ne, launinsa daga ja mai duhu zuwa ruwan hoda mai ƙasa-ƙasa. Ba ya wari, ba ya haske a duhu, ba ya narkewa cikin kabon daisalfaid, kuma sai an kai shi wajen digiri 260 yake kamawa da wuta. Nauyinsa tsakanin 2.2 da 2.3. Tsantsarsa ba ta da dafi irin na farin. Anton von Schrötter ne ya bayyana shi a Biyana, ta hanyar gasa farin a wajen digiri 250 a inda babu iska. Ana iya komawa baya ma: idan aka zafafa ja sama da digiri 400 babu iska, yakan tashi ya zama tururin P4, in tururin ya huce kuma fari ne ke fitowa. Wannan ya sa ba a zafafa jan fosfaras cikin rufaffen bututun gwaji don wasa, domin abin da zai manne a saman bututun shi ne mai dafin.

Masu jarrabawar WAEC da NECO suna son tambayar hujjar cewa su biyun sinadari ɗaya ne. Hujja biyu ce. Kowanne yana iya rikiɗa ya zama ɗayan ba tare da nauyi ya ƙaru ko ya ragu ba. Sannan giram 1 na fari da giram 1 na ja, idan aka ƙona su cikin wadatacciyar iska, kowanne zai ba da giram 2.29 na farin gari iri ɗaya: P4 + 5O2 → P4O10. Idan iskar ta yi kaɗan P4O6 ne ke fitowa, kuma nan ne ɗalibai ke yawan zubar da maki.

Ajiyar farin fosfaras a ƙasa mai zafi

Yawancin littattafan kimiyya an rubuta su ne da ɗaki mai digiri 20 ko 25 a zuciya. Farin fosfaras yana kamawa a iska daga wajen digiri 30. A Kano, Zinder ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, inuwa ma takan wuce 40. Ma'ana abin da littafi ya ce zai yi hayaƙi a hankali, a nan tashi zai yi nan take. A ganinmu babu makarantar sakandare da ke da buƙatar ajiye shi. Duk abin da manhaja ta nema ana iya nuna shi da jan ko da hoton bidiyo. Sai dai tsofaffin sito suna da abubuwan gado, kuma akan tarar da kwalba mai sanduna rawaya a cikin ruwa, takardar jikinta ta goge.

Idan an samu irin wannan, abu na farko shi ne a duba tsayin ruwan ba tare da an girgiza kwalbar ba. Ruwa ya rufe sandunan da aƙalla yatsu uku. In ya ja baya, a ƙara ruwa mai sanyi a hankali ta gefen kwalbar, a rufe. Hunturu ne babban abokin gaba a nan: busasshiyar iska tana shanye ruwa ta murfin da bai zauna daidai ba, kuma dogon hutu yana ba ta lokaci. A sa alama da tef a jikin kwalbar daidai bakin ruwa, a riƙa dubawa kowane wata, da kuma ranar da za a rufe makaranta.

Kwalbar gilashin ta zauna cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, a cika tsakaninsu da yashi, yadda ko ta fashe ba za ta watse ba. A ajiye a ƙasa, a wuri mai duhu, nesa da bangon da rana ke duka. Sito mai rufin kwano ba silin zai iya kai digiri 44, sandunan su narke su haɗe su zama dunƙule ɗaya a gindin kwalba, wanda ya fi wuyar sarrafawa. Kada a zuba shi kai tsaye cikin gwangwani, domin ruwan ajiyar yana zama asid sannu a hankali, ya ci ƙarfen ya huda shi.

Kuskure ɗaya yana da saurin faruwa ga sabon mai kula da ɗakin gwaji. Sodiyam da fotasiyam cikin kananzir ko mai ake ajiye su, fosfaras kuwa cikin ruwa. Dukansu dunƙule ne a cikin kwalba mai ruwa-ruwa. Wanda ya ƙara ruwa a kwalbar sodiyam ya tayar da gobara a hannunsa. Don haka kada su zauna a kanta ɗaya, kuma a rubuta abin da ake ƙarawa a jikin kowace kwalba da manyan baƙaƙe. Wanda bai tabbatar da abin da ke cikin kwalba ba, kada ya ƙara mata komai, ya nemi sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko kwaleji mafi kusa su zo su gani, su ne kuma suka dace su kawar da shi.

Inda aiki ya tilasta a yanka, kamar a jami'a, a ƙarƙashin ruwa ake yi. A cika faffaɗan kwano da ruwan sanyi, a ɗauko sanda da dogon hantsaki a mayar da ita cikin kwanon da sauri, a yanka tana nutse. Gugar wuƙa kaɗai a iska tana kunna shi. Gutsuren kada ya wuce girman ƙwayar dawa. Tabarau na kariya, rigar auduga, bokitin ruwa da bokitin jiƙaƙƙen yashi su kasance kusa kafin a buɗe kwalba. Safar roba ba ta kare hannu daga wutarsa, narkewa take yi ta manne da fata, shi ya sa hantsaki ne kaɗai ke taɓa shi. Bayan an gama, a jiƙa wuƙa da hantsaki cikin ruwan kofa salfet, wanda ke lulluɓe ɓurɓushin da ya rage ya kashe kaifinsa. Takarda ko tsumman da ya taɓa shi ba ya shiga kwandon shara. Gobarar irin wannan takan tashi ne bayan an kulle ɗaki, lokacin da takardar ta bushe.

Idan ya kama, ko ya taɓa jiki

Wutarsa rawaya ce, da farin hayaƙi mai kauri. Hayaƙin P4O10 ne, kuma da ya haɗu da danshin ido, maƙogwaro da huhu sai ya zama asid na fosforik. A fitar da mutane, a buɗe tagogi. A rufe wutar da jiƙaƙƙen yashi, ko a kwarara ruwa a hankali har ya nutse. Ruwa mai ƙarfi daga mesa yana fantsama narkakken fosfaras zuwa wasu wurare, kowane ɗigo ya zama sabuwar wuta. Kuma mutuwar wutar ba ƙarshenta ba ne: da wurin ya bushe za ta sake tashi. A kwashe yashin yana jiƙe a zuba cikin bokitin ruwa.

A jikin mutum, ga tsarin da za a bi:

1. A cire tufafin da abin ya taɓa nan take, a jefa su cikin ruwa.
2. A nutsar da wurin cikin ruwa mai sanyi, ko a yi ta kwarara ruwa ba tsayawa. Ruwan ɗumi yana narkar da shi ya bazu cikin raunin.
3. A tsince gutsattsarin da ake gani da hantsaki, wurin yana cikin ruwa, a zuba su cikin kofin ruwa. Ba da yatsa ba.
4. A rufe da tsabtataccen ƙyalle jiƙaƙƙe sharkaf, a riƙa jiƙa shi a hanya har asibiti. Hayaƙi daga rauni alama ce akwai saura.
5. Kada a shafa man shanu, man kaɗanya, basilin, manja ko wani abu mai maiƙo. Fosfaras yana narkewa cikin mai, man zai kai shi cikin jini.

A asibiti a faɗa wa likita sunan abin. Ƙunar da ba ta da faɗi ma tana iya rage kalsiyam na jini ta rikita bugun zuciya, don haka ana auna jini da zuciya. Akan kashe fitila a nemi ragowar ta hanyar haskenta. Tsofaffin littattafai sun ce a wanke rauni da ruwan kofa salfet, amma an bar wannan, domin jan ƙarfen da ke ciki yana shiga jiki ya fasa ƙwayoyin jini ya lalata ƙoda. Ya tsaya a kan kayan aiki.

Wanda ya haɗiye shi kuwa, al'adar nan ta ɗura wa mai guba manja ko madara ita ce mafi muni a nan, saboda dalilin da aka faɗa. Dafin yana da yaudara. Da farko amai da ciwon ciki, numfashi yana warin tafarnuwa. Sai mutum ya ji sauƙi kwana ɗaya zuwa uku, 'yan uwa su ce ya warke a koma gida. Daga nan hanta ta fara mutuwa, ido ya yi rawaya irin na shawara. Ba shi da makari, kulawar asibiti ce kawai tun daga ranar farko. A Indiya, inda ake sayar da maganin ɓera mai ɗauke da shi cikin bututu, yara kan ɗauke shi a matsayin man goge baki. A gaɓar tekun Baltik ta Jamus kuma, har yau masu yawo kan tsinci ragowar bama-baman yaƙin duniya na biyu suna zaton dutsen ado ne, su sa a aljihu, ya bushe ya kama.

Gwajin aji da jan fosfaras: nawa ne rabon oksijin a iska?

Wannan gwaji ne da fosfaras ya fi kyandir dacewa da shi, domin abin da ƙonewarsa ke bayarwa gari ne mai narkewa cikin ruwa, ba wata iska da za ta cike gurbin oksijin ba.

A nemi faffaɗan kwano da ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 6, tulun gilashi mai kauri na lita ɗaya, ƙaramin kaskon tangaran da zai iya yawo a kan ruwa, da waya ta ƙarfe. A raba tsayin tulun gida biyar da alƙalamin rubutu a gilashi, ana ƙirgawa daga inda ruwa zai tsaya idan an kifa shi. Lita ɗaya ta iska tana da oksijin kusan mililita 210, wanda giram 0.22 na fosfaras ke cinyewa. A sa giram 0.5 don a tabbatar ya wadatar, kada a wuce haka. A ɗora kaskon a kan ruwa, a gasa bakin wayar ya yi ja, a taɓa garin da shi, a kifa tulun a kai nan take har bakinsa ya nutse. Farin hayaƙi zai cika tulun, wutar ta mutu. A jira minti 10 zuwa 15 hayaƙin ya narke, tulun ya huce. Ruwa zai hau kusan gida ɗaya cikin biyar. A tsoma shuɗiyar takardar litmos cikin ruwan, za ta koma ja, shaidar asid: P4O10 + 6H2O → 4H3PO4.

Idan ruwan ya wuce gida ɗaya, an yi jinkirin kifa tulun, ko iska mai zafi ta kumbura ta fita ta ƙasa tana ɓulɓul. Idan bai kai ba, ko dai an karanta tulun yana da zafi, ko garin ya yi kaɗan, ko ya jiƙe. Ko an yi komai daidai, sakamakon kan ɗan gaza kashi 21 cikin 100, saboda wuta tana mutuwa kafin oksijin ya ƙare ƙaf. Ragowar da ke cikin kasko a ƙone ta gaba ɗaya a waje kafin a wanke, domin zafin yakan bar ɗan fari a ciki.

Jan yana da nasa sharuɗɗan ajiya. A busasshiyar kwalba mai matsattsen murfi yake zama. Da damina yana jan danshi, ya dunƙule ya yi danƙo, saboda fatarsa tana komawa asid, tare da ɗan iskar fosfin mai dafi. Sannan kada ya kusanci fotasiyam kilorat, famanganet ko naitiret, ko a kanta, ko a cokali, ko a turmin niƙa. Haɗuwarsa da su tana fashewa da ɗan gogayya kawai, kuma ta cinye yatsun masu gwaji da yawa.

Abin da ke faruwa a kan kwalin ashana

Ashanar da muke saye an gina ta ne a kan raba waɗannan abokan gaba biyu. Kan tsinken yana ɗauke da fotasiyam kilorat da abin ci wa wuta irin su farar wuta. Jan fosfaras yana gefen kwali. Idan aka ƙyasta, garin gilashi yana haifar da zafi a wuri ƙanƙane, ɗan jan ya rikiɗa ya zama fari, farin ya kama, kilorat ya saki oksijin, kan ya tashi, kakin da aka jiƙa tsinken da shi ya kai wutar ga itace. Shi ya sa ba ta kamawa a jikin bango, kuma kwalin da ya sha danshi ya gama aiki ko da tsinkayen a bushe suke.

Kafin a kai nan an sha wuya. Daga wajen 1830 aka fara sa farin fosfaras a kan ashana a Turai. Tururinsa yana shiga ta ruɓaɓɓen haƙori ya ci ƙashin muƙamuƙin ma'aikata, mafi yawansu mata da 'yan mata. Gustaf Erik Pasch na Suwidin ya fito da dabarar sa jan a gefen kwali a 1844, 'yan uwan nan Lundström suka mayar da ita sana'a a garin Jönköping. Amma farin ya fi arha, sai aka ci gaba da shi. 'Yan matan masana'antar ashana sun yi yajin aiki a Landan a 1888, kuma sai a 1906 aka ƙulla yarjejeniyar Bern da ta hana amfani da shi a ashana.

Bayan ashana, ana cuɗa jan cikin robar kayan lantarki don ta ƙi cin wuta. Farin kuma, wanda ake samarwa ta gasa dutsen fosfet da yashi da gawayin kwal a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 1,500, ba kasafai ake amfani da shi kai tsaye ba. Ana juya shi ne zuwa jan, ko tsantsar asid na fosforik, ko PCl3, haɗinsa da kilorin, da ake yin maganin ciyawa na gilaifoset da shi. Sojoji suna amfani da shi don hayaƙin ɓuya, kuma wata yarjejeniyar 1980 ta taƙaita amfani da makaman ƙonawa a inda fararen hula suke.

Baƙi da shunayya

Waɗannan biyu ba za a gamu da su a makaranta ba. Johann Wilhelm Hittorf ya samu mai launin shunayya a 1865 daga narkakkiyar darma, kuma ana iya ɗaukarsa jan fosfaras ne da ya jeru tsaf. Baƙin kuwa Percy Bridgman ne ya yi shi a Amurka a 1914, da ya matse farin da matsi ninki 12,000 na iskar duniya a digiri 200. Nauyinsa 2.69, ba ya kamawa da sauƙi, kuma shi kaɗai cikinsu yake barin lantarki ya wuce, rabi-rabi irin na silikon. A 2014 aka ɓare farantinsa guda ɗaya, aka kira shi fosforin, ana fatan yin taransisto da na'urorin gane haske da shi. Wani babban cikas ya hana shi fita kasuwa: iska da danshi da haske suna lalata farantin cikin sa'o'i ko kwanaki idan ba a lulluɓe shi ba.

Fosfaras na gona: yadda ake karanta buhu

Babu ɗaya daga cikin siffofin nan da ake tonowa daga ƙasa, kuma babu su a cikin taki. Abin da ke cikin ƙasa, ƙashi, haƙori da buhun taki fosfet ne, wato fosfaras da ya riga ya haɗu da oksijin ya huce. Mafi yawan dutsen fosfet da ake haƙowa a duniya taki ake yi da shi, ta hanyar jiƙa shi da asid na salfurik, dabarar da John Bennet Lawes ya yi wa rajista a Ingila a 1842. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar duniya. Togo da Senegal suna haƙa, akwai shi kuma a yankin Tawa a Nijar da jihar Sakkwato.

Lamba ta tsakiya a jikin buhu, kamar 15 ta biyu a NPK 15-15-15, ba nauyin fosfaras ba ce kai tsaye. Ana lissafa ta ne da P2O5, wato fosfaras haɗe da oksijin. Don a samu ainihin P sai a ninka da 0.44. Buhun NPK mai kilo 50 yana da kilo 7.5 na P2O5, wato P kilo 3.3. Buhun DAP, mai 18-46-0, yana da kilo 23, wato P kilo 10. Buhun sufa mai kashi 18 yana da kilo 9, wato kusan kilo 4. Da wannan lissafin ake kwatanta farashi, ba da girman buhu ba.

Fosfet ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. Inda aka sa shi nan yake zama, don haka lokacin shuka ake sa shi, a binne kamar santimita 5 daga iri. Wanda ya watsa shi a sama bayan masara ta kai gwiwa ya makara, domin tun tana ƙarama take buƙatarsa don saiwa. Alamar rashinsa ita ce tsumburewa da launin shunayya a gefen tsofaffin ganye. Binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya yaɗa dabarar sa ɗan kaɗan a ramin shukar gero: giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK a kowane rami. A gona mai rami 10,000 a hekta, duka biyun suna ba da P kusan kilo 4.

Ƙwayar da ake sa wa hatsi

Inda dafin fosfaras ya fi kusa da gidajenmu shi ne ƙwayar nan mai launin toka da ake sa wa wake da masara. Aluminiyam fosfaid ce. Da ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin: AlP + 3H2O → Al(OH)3 + PH3. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar, kuma iskar tana ratsa buhu, ƙofa da tsagar bango. Baƙin garin maganin ɓera, zink fosfaid, irin wannan iskar yake saki a cikin ciki. Ita ma ba ta da makari.

Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko sito mai bango ɗaya da ɗakin kwana, ko shagon da mai gadi ke kwanciya a ciki. A buɗe gwangwanin a waje, fuska a kauce, hannu a bushe cikin safa. A sa ƙwayar cikin ambulan ko ƙyalle a ɗora a kan hatsi yadda za a iya cire tokarta, a bi adadin da ke jikin gwangwani, a rufe mazubin ruf na aƙalla mako guda. Mazubi mai yoyo asara biyu ne: ƙwari su tsira su saba da maganin, mutane su shaƙa. Bayan an buɗe a bar hatsin ya sha iska a fili kwanaki kafin a ci, a binne tokar nesa da rijiya, kuma kada a zuba wa ƙwayar ruwa don ta yi sauri, domin tana iya kamawa da wuta. Ciwon kai, amai da ƙuncin ƙirji ga mutanen gida ɗaya a lokaci guda bayan an sa magani dalili ne na fitar da kowa waje a nufi asibiti da gwangwanin a hannu. Ga wake na cin gida, buhun PICS mai leda biyu a ciki ko durom mai matsattsen murfi yana kashe ƙwari ta hanyar ƙarar da iskarsu, muddin waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban.